Ƙwai Uku a Kan Benci

Kasuwar Jega ta watse,
warin albasa bai watse ba.
Ina kwashe gawarwakin rediyo daga kan tebur
sai ga Haulatu jikata da tocilar kakarta,
a farke, kamar kifin da za a yi wa banda.
"Ni na buɗe ta. Hasken nake nema.
Ina yake kwana in an kashe?"

Hannuna ya so tashi.
Na gane hannun, ba nawa ba ne, na babana ne,
wanda ya sauka a kuncina kan laifi irin wannan,
na shekara tara ban sake cewa "don me?" ba.
Na cusa shi aljihu.
Na ce, "Jawo benci."

Batir biyu, kai bin gindi, na ɗaure da roba,
guntayen waya, ƙwan tsohuwar tocila guda.
Ta ɗora waya a kan batir. Shiru.
"Ya mutu."
"Bai mutu ba. Kin ba shi hanyar zuwa,
ina ta komawa?"
Ta kai ɗayar wayar gindin batir,
ƙwai ya buɗe ido,
ta daka tsalle har ɗankwali ya faɗa kwanon kusoshi.

Ta ce a ƙara.
Muka jera na biyu a bayan na fari,
wayar da ta fito daga wannan ta shige wancan.
Haske ya ragu, kamar furar da baƙi suka tarar.
Na uku kuwa, garwashin asuba.
"Rowa suke wa juna?"
"Duba dai. Wa ya fi wani?"
Ta kanne ido ɗaya, ta daɗe.
"Babu. Na gaba bai cinye rabon na baya ba."

Mani ƙanenta, da ba a gayyata ba,
ya murɗe na tsakiya ya jefa aljihu.
Ɗif.
Ta kusa kai masa rankwashi.
"Ɗaya ya cire! Me ya ci sauran biyun?"

Amsa tana bakina, na haɗiye.
Na nuna mata tsallaken hanya,
inda Sanda ya kife keke, sarƙa ta tsinke.
"Gaɓa ɗaya ce ta ɓalle. Je ki murza feda."
Ta murza, ta murza, taya ko gezau.
Ta tsuguna tana bin sarƙar da yatsa
har baƙin mai ya kai mata gwiwar hannu,
sannan ta dawo a guje:
"Zobe ne! Hanya ɗaya ce, ba ta da reshe.
Ko ina ka yanke, ka yanke duka!"

Daga nan ban ƙara zama malami ba.
Ta juya batir ɗaya, kai da kai, duhu.
Ta gyara, ta ƙara na uku, ƙwai suka farfaɗo.
Ta sa cokali a giɓin, ya kama.
Ta sa karan dawa, ya ƙi.

"To me ke gudu a cikin wayar?
Na leƙa, ban ga rami ba."

Shekara arba'in ina narka dalma.
Na san inda yake bi, na san abin da yake ƙi,
sau uku ya taɓa jefar da ni,
amma ban san fuskarsa ba.
Na ce, "Ban sani ba, Haulatu.
Tambayo malamarku gobe, ki zo ki koya mini,
ladanki gaɓar rake biyu."
Ta dube ni kamar na ba ta akuya.

An kira magariba.
Ta tattara wayoyi a gwangwanin madara ta wuce,
Mani na biye da ƙwai a dunƙule.
Tocilar tana nan a farke, batir ya bi yara.
Yau tsohuwata za ta tuƙa tuwo da lalube,
zan sha faɗa har lisha,
kuma ba zan ce uffan ba.